Kifi a tanki, latas a tsakuwa: me yake kashe akwafonik a bayan gidajen Jos?

Me ya sa mutum zai sayi tanki da famfo da tsakuwa, ya zuba 'ya'yan tarwaɗa, ya dasa latas kamar yadda ya gani a bidiyo, amma kafin wata uku ruwan ya fara wari, ganye ya koma rawaya, kifi ya riƙa mutuwa ɗai-ɗai? Tambayar da ke bakin masu gwada wannan noma a Jos ke nan, daga Rikkos har Bukuru, tun da bidiyoyinsa suka cika Facebook da TikTok. Amsar da aka fi bayarwa ita ce irin kifin ba shi da kyau, ko mai abincin ya yi algus, ko kuma sanyin Jos ne. Kowanne yana iya faruwa. Amma a yawancin waɗanda na gani, matsalar tana wuri biyu da ba a cika waiwaya ba: siffar tankin kifin, da hanyar da ruwa yake bi ya fita ya dawo. Wanda ya gyara waɗannan biyun ya rage kaso mafi girma na wahalarsa. Wanda ya bar su kuwa, ko sau nawa ya sauya iri, asarar za ta dawo.

Wa yake aikin a cikin ruwan?

Akwafonik kiwon kifi ne da noman ganye da ruwa guda, ba tare da ƙasa ba. Ruwan yana fita daga tankin kifi, ya ratsa kwamin shuka, ya koma. A bidiyo akan ce kifi yana ciyar da shuka, shuka kuma tana wanke wa kifi ruwa. Maganar ta tsallake na ukunsu, alhali shi ne mai aikin. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya, akasari ta kunnuwan da yake numfashi da su, kuma amoniya guba ce gare shi. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ido ba ya gani, masu zama a jikin tsakuwa da bangon bututu, su ne suke mayar da ita naitirait, wadda ita ma guba ce. Wasu kuma su karɓa su mayar da ita naitiret, takin da saiwa take sha, wanda kifi yake iya jurewa.

Ƙwayoyin nan a manne suke, ba sa yawon neman abinci, sai abin da ruwa ya kawo musu. Aikinsu kuma yana cin iska sosai: kowane giram na naitirojin da suka sarrafa daga amoniya yana lashe kimanin giram 4.6 na oksijin. Saboda haka zagayen ruwa ba ado ba ne. Shi yake kai guba wurin masu warware ta, shi yake kai musu iskar da za su yi aikin da ita, shi yake ɗauke ƙazanta daga gaban kifi.

Littafin jagora kan ƙaramin akwafonik da hukumar FAO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2014 ya tsayar da iyakokin da ake bi kusan ko'ina: oksijin kada ya gaza miligiram 5 a lita, amoniya da naitirait kowacce ƙasa da miligiram 1 a lita, ma'aunin tsamin ruwa na pH tsakanin 6 da 7, kifi kuma kilo 10 zuwa 20 a lita 1,000. Wannan lamba ta ƙarshe ita ce take ba masu kiwon tarwaɗa mamaki, don sun saba cika tanki maƙil suna sauya ruwa kowace rana ko bayan kwana biyu. A nan ba a zubar da ruwan, don haka abin da aka zuba a tanki sai ya samu mai ɗauka. Jagoran ya ce murabba'in mita ɗaya na ganye irin su latas yana ɗaukar abin da giram 40 zuwa 50 na abincin kifi yake haifarwa a rana. Kwami uku da aka yanko daga tankin IBC, farin tankin roba mai kejin ƙarfe, kowanne mita 1 a mita 1.2, sun kama murabba'in mita 3.6, wato abinci giram 144 zuwa 180 a rana. Abincin tarwaɗa 20 zuwa 30 ke nan masu rabin kilo. Wanda ya zuba 200 ya ɗora wa kwamayensa kusan ninki goma na abin da za su iya.

Kashin kifi ba ya ɓacewa

Kusan rubu'in abincin da aka watsa wa kifi yana dawowa a matsayin kashi da ɓurɓushi. Idan ya kwanta a gindin tanki, nan zai ruɓe, ya ƙara amoniya, ya ci iskar da kifi yake bukata. Idan kuma ya wuce cikin tsakuwa da yawa, sai ya toshe ta, ruwa ya samu hanya ɗaya ko biyu yana bi, sauran kwamin ya zama wurin da iska ba ta shiga.

Na taɓa tsayawa a bayan gidan wani magidanci a Anguwan Rogo da kifinsa yake mutuwa. Ya ɗebo ruwa a kofi ya ɗaga sama ya ce, "Malam, duba fa, ruwan nan fes yake." Da gaske fes yake. Na ce, "Alhaji, zura hannunka cikin tsakuwar har ƙasa, can kusurwar da ke nesa da bututu." Hannun ya fito baƙi ƙirin har wuyan hannu, da laka mai santsi tana ɗiga, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Saiwar latas ɗin da muka tuge a wurin ta yi ruwan kasa, tana tsinkewa da an taɓa ta, maimakon fara tas. A cikin tankin kuma tarwaɗa biyu suna rataye a tsaye, baki sama, gashin bakinsu ya fara nannaɗewa. Warin ƙwan nan iskar gas ce mai guba da ake samu inda ƙazanta take ruɓewa babu oksijin, kuma kaɗan ɗinta ya isa ya cutar da kifi. Hasken ruwa ba ya gaya wa mutum komai game da amoniya ko naitirait. Dukkansu ba su da launi.

Siffar tanki

Tanki mai zagaye ya fi mai kusurwa, kuma dalilin yana cikin kofin shayi. Idan aka juya shayi da cokali aka bar shi, ganyen yana taruwa a tsakiyar gindin kofi, ba a gefe ba. Haka ruwan da yake zagaye a tanki yake tattaro ƙazanta zuwa tsakiyar ƙasa. Abin da ake bukata kawai shi ne bututun shigowa ya turo ruwa ta jikin bango, a karkace, ba ya zubo daga sama a tsakiya ba, sannan mafitar ta ɗebi ruwa daga tsakiyar gindi. Tankin da aka yi wa haka da kansa yake share kansa.

Tankin IBC, farin nan mai kejin ƙarfe da yake cin lita 1,000, shi aka fi samu, kuma ba laifi, amma yana da kusurwa huɗu inda ruwa yake tsayawa kashi ya taru. Ana rage matsalar da karkata bututun shigowa don ruwan ya ɗan zagaya, da ajiye dutsen iska, wato ɗan dutsen da injin hura iska yake fitar da kumfa ta cikinsa, a kusurwoyin da suka fi tara laka. Farin jikinsa yana barin rana ta shiga, gansakuka ta yi yawa, don haka sai an lulluɓe shi ko an shafe bayansa da fenti mai duhu. Abu mafi muhimmanci kuma shi ne sanin abin da aka taɓa zubawa a ciki. Wanda ya ɗauko man girki ko sinadarin abinci ana iya wanke shi. Wanda ya ɗauko maganin ƙwari ko sinadarin masana'anta da ba a sani ba, komai arharsa a bar shi, domin ganyen iyali ne za su ci.

A ganina baƙin tankin roba na ajiyar ruwa, irin wanda ke kan kowane gida, ya fi dacewa da Jos idan an yanke samansa. Zagayayye ne, an yi shi don ruwan sha, kuma baƙin jikinsa yana ɗaukar zafin rana. Aibinsa shi ne ba a ganin kifi sosai a ciki, sai an riƙa duba su lokacin cin abinci. Gajere mai faɗi ya fi dogo siriri, don fuskar ruwa ita take haɗuwa da iska. Tankin siminti sabo yana sakin farar ƙasa da take ɗaga pH, sai an jiƙa shi an zubar sau da yawa. Tankin kwano da bututun jan ƙarfe kuwa a nisance su, domin abin da suke saki a ruwa guba ne ga kifi. Kowane iri aka zaɓa, a yi masa murfin raga: tarwaɗa tana tsalle, musamman daren da aka yi ruwan sama.

Ina za a sa famfo?

Nan ne ainihin sake tsarin yake, kuma hanya biyu ce.

Ta farko ita ce wadda kowa yake farawa da ita: a jefa famfo a cikin tankin kifi, ya tura ruwa sama zuwa kwamaye, ruwan ya gangaro ya dawo. Ba ta da tsada, ba ta cin wuri, kuma ga kwami ɗaya da kifi kaɗan tana aiki. Matsalarta tana fitowa ne da an ƙara kwami. Tsakuwa tana barin gurbin ruwa kusan kashi 40 cikin ɗari na kwamin. Kwami mai zurfin santimita 30 yana cin lita 360, wato ruwan da ke shiga cikinsa ya kai lita 140. Kwamayen kuma cika suke yi, su tsiyaye, su sake cika. Idan uku suka cika lokaci guda, an kwashe wa kifi fiye da lita 400 daga cikin 1,000, sannan bayan mintoci a dawo masa da su, haka dare da rana. Ga shi kuma farfelar famfon tana niƙe kashin ya zama gari wanda ba ya kwanciya, ba ya tatuwa. Mafi muni, idan bututu ya fice da daddare, famfon ba zai tsaya ba sai ya kwashe tankin ƙaf.

Hanya ta biyu ita ce a ƙara tanki na ƙasa, matattara, a mayar da famfon can. Famfo ya tura ruwa daga matattara zuwa tankin kifi. Tankin kifi ya cika ya malalo da kansa zuwa kwamaye. Kwamaye su zubo cikin matattara. Famfo ɗaya ne har yanzu, amma ruwan tankin kifi ba ya hawa ba ya sauka. Duk hawa da saukar ta koma matattara, inda babu mai rai. Ko bututu ya fashe, matattarar ce za ta ƙafe, kifi yana cikin ruwansa.

Sai dai malalar kada ta zama rami kawai a saman bango, domin ruwan sama shi ne mafi tsabta, ƙazantar tana ƙasa. Abin da ake yi shi ne a saukar da bututu a tsaye a cikin tankin har kusa da gindi, a bar ɗan tsakani ko a yi masa tsagogi da kifi ba zai shiga ba, a sa masa mahaɗa mai siffar harafin T a daidai tsayin da ake son ruwa ya tsaya, reshe ɗaya ya fita ta bango, na saman a bar shi buɗe. Duk ruwan da zai fita dole ya shigo ta ƙasa, ya hau da kashin. Buɗaɗɗen saman nan kuma shi yake hana bututun ya zuƙe tankin. Kayan aikin ba su wuce guntun bututu da mahaɗa ɗaya ba, amma babu gyaran da ya fi shi amfani a duk tsarin.

Masu ƙin matattara suna da hujja: kuɗin ƙarin tanki, haƙa rami a gidan haya, da tsawon da famfo zai ƙara hawa. Akwai kuma hujjar da ta fi waɗannan nauyi, wadda ba a cika faɗa ba. Tanki buɗaɗɗe a daidai ƙasa, a gidan da yara suke rarrafe, haɗari ne na rai. Wanda ba zai yi masa murfi mai nauyi da kwaɗo ba, kada ya haƙa.

Lissafin famfo da bututu

Ƙa'idar ita ce ruwan tankin kifi ya sauya gaba ɗaya aƙalla sau ɗaya a awa, sau biyu idan kifin ya yi yawa. Lambar da ke jikin kwalin famfo tana yaudara, domin an auna ta ne famfon yana tura ruwa a kwance, ba ya hawa ko'ina. Wanda aka rubuta wa lita 2,000 a awa yana iya ba da rabin haka idan zai hau mita ɗaya da rabi ta bututu mai lanƙwasa da yawa. Gwajin ba shi da wuya: a tara bokiti mai lita 20 a bakin bututun da ke shiga tankin kifi. Idan ya cika cikin minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi, an samu lita 1,000 a awa. Idan ya ɗauki minti uku, ba a kai ba.

Bututun da ruwa yake gangarowa ta cikinsa da kansa dole ya fi wanda famfo yake turawa faɗi. Idan na shigowa inci ɗaya ne, na fita ya zama inci biyu, domin ciki yana kama santsi da laka ya tsuke a hankali, kuma ranar da shiga ta fi fita tankin zai yi ambaliya. A ƙara malala ta biyu sama da ta farko kaɗan, don ranar da mataccen kifi ko ganye ya toshe ta farko. Idan famfon ya yi ƙarfi da yawa, kada a shaƙe shi da makunni; a raba ruwan, ragowar ya koma matattara yana fantsama, ya ƙara iska kyauta.

Ranar da aka ɗauke wuta

Yawancin zanen da ke intanet an yi su ne a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa. Mu kuwa mun ga watan Oktoba na 2024, lokacin da jihohin Arewa da dama, har da Filato, suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Fetur ɗin janareta kuma kowa ya san inda ya kai tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Tsarin da ba a zana shi da ɗaukewar wuta a zuciya ba, ba tsarin nan ƙasar ba ne.

Kuɗin wutar ba shi ne abin tsoro ba. Famfo mai wat 50 da ke aiki dare da rana yana cin yunit 1.2, a farashin naira 225 da aka sa wa rukunin A a Afrilun 2024, naira 270 ke nan a rana. Abin tsoron shi ne awannin da babu ita. Da famfo ya tsaya, abu uku suke faruwa. Ruwan da ke sama duk yana gangarowa matattara, don haka dole ta iya ɗaukar na dukkan kwamaye lokaci guda ba ta yi ambaliya ba. Idan bakin bututun da ke shiga tankin kifi yana nutse cikin ruwa, sai ya juya ya zuƙo ruwan kifin zuwa ƙasa. Maganinsa a huda ɗan ƙaramin rami a jikin bututun daidai fuskar ruwa, ko a bar bakinsa a sama. Na uku, oksijin yana raguwa a ko'ina.

Nan ne tarwaɗa take ruɗin masu ita. Tana da gaɓar da take shaƙar iska daga sama, don haka tana rayuwa a ruwan da karfasa za ta mutu cikin 'yan awanni. Mai gida ya leƙa ya ga kifinsa lafiya, ya ce ba komai. Amma ƙwayoyin bakteriya da saiwar shuka ba su da wannan gaɓar. Bayan kwana biyu ko uku da dawowar wuta sai amoniya da naitirait su hau, kifi ya fara mutuwa, a ɗora wa iri laifi.

Idan kuɗin sola da batir bai isa komai ba, a fara da injin hura iska, ba famfon ruwa ba. Mai wat 15 a kan batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana iya wuce kwana guda ba a tsotse batirin fiye da rabi ba. A raba iskarsa tsakanin tankin kifi da wurin da ƙwayoyin suke. A kuma tsara kwami yadda zai riƙe ɗan ruwa a ƙasansa, kamar santimita 5, ko da famfo ya tsaya. Ranar da babu wuta a daina ba kifi abinci. Tarwaɗa babba ba ta mutuwa da yunwar kwana biyu ko uku.

Abin da Jos ta bambanta da shi

Jos tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200. A wannan tsayi ruwa ba ya riƙe iska kamar na bakin teku: mai zafin digiri 25 da zai ɗauki miligiram 8.3 na oksijin a Legas, a nan kimanin 7 zai ɗauka. Tazarar da ke tsakanin mai gida da iyakar 5 ta tsuke tun kafin ya zuba kifi.

Sai sanyi. Tarwaɗa da karfasa sun fi girma a ruwa mai digiri 26 zuwa 30. Daren hunturu a Jos, tsakanin Disamba da Janairu, yakan sauko kusa da digiri 11, wani lokacin ƙasa da haka. Karfasa tana rage ci sosai da ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20, idan ya kai 11 ko 12 tana mutuwa. Latas da kabeji kuwa sanyin suke so, shi ya sa kasuwar Farin Gada take cika da su. Wato Jos ta yi wa shuka daidai ta takura wa kifi, Abuja kuma akasin haka. Ba banza ba gonar kifi ta Panyam da ke ƙaramar hukumar Mangu, wadda aka kafa tun farkon shekarun 1950, ta yi suna da wani kifi da ake kira kaf, wanda aka kawo daga Turai, mai jure sanyi. Wanda zai iya samun irinsa ya yi tunani a kai.

Zagayen ruwa yana da hannu a nan. Kwamin da yake cika yana tsiyayewa yana jawo iska cikin tsakuwa a kowane zagaye. Da rana alheri ne. Da daren hunturu kuwa iskar da yake jawowa mai sanyi ce, tsakuwar ta huce, ruwan ya bi ta kanta ya kai wa kifi sanyin. A wannan lokaci gara a mayar da kwamayen su tsaya cike da daddare ruwa yana ratsawa a hankali, a naɗe tankin kifi da soso ko tsofaffin buhuna, a rufe samansa, injin iska yana aiki. Matattarar da aka binne rabi a ƙasa tana taimakawa, don ƙasa ba ta hucewa da sauri kamar iska. Kada kuma a fara sabon tsari a Disamba: ƙwayoyin da ke bukatar mako uku zuwa shida kafin su kafu a lokacin ɗumi, a sanyi sun fi haka jinkiri.

Damina ma da nata. Ruwan sama na milimita 50 a kan kwamaye masu murabba'in mita 3.6 lita 180 ne da ya shigo ba a gayyace shi ba, ban da ƙanƙarar da Jos ta saba gani. Matattara tana bukatar malalarta zuwa lambatu, rumfar leda mai haske kuma tana maganin ruwan sama da sanyi gaba ɗaya. Ta fannin tsakuwa an yi sa'a, domin dutsen Filato mai tauri ne, ba ya narkewa a ruwa. Duk da haka a ɗiga ruwan tsami irin binega a kan 'yan ƙwayoyi. Idan suka yi kumfa, dutsen farar ƙasa ne, zai riƙa ɗaga pH. Idan kuma pH ya faɗi, kamar yadda yakan yi da tafiya ta yi nisa, kada a ɗauko kanwa. Gishirin da ke cikinta yana taruwa a ruwan da ba a zubarwa, shuka ba ta son sa. Dakakken ɓawon ƙwai a ƙullin raga ya fi.

A sa mataci daban, ko tsakuwa ta isa?

Masu wannan sana'a sun rabu a kan wannan. Wasu suna cewa kashin kifi taki ne, a bar shi ya shiga tsakuwa, tana za ta cinye shi, shuka ta amfana. Gaskiya ne idan kifin kaɗan ne, kwamayen da yawa. Wasu suna cewa a cire shi tun kafin ya isa shuka. Tsarin da James Rakocy da abokan aikinsa suka gina a Jami'ar Tsibiran Bajin da ke yankin Karebiyan tun shekarun 1980, wanda ya zama abin koyi ga masu yi don kasuwa, yana da tankunan kwantar da laka da na tacewa tsakanin kifi da shuka.

Ga mai tarwaɗa, ina tare da na biyun. Abincinta yana da furotin da yawa, tana ci da yawa, kuma ban taɓa ganin wanda ya iya danne zuciyarsa ya tsaya a kifi ashirin ba. Shuɗin durom mai lita 200 ya isa: ruwan tankin kifi ya shigo tsakiyarsa ya sauka a hankali ta cikin faffaɗan bututu, laka ta kwanta a gindi, mai tsabta ya fita ta sama, a sa makunni a ƙasa ana buɗewa kullum ko bayan kwana biyu. Lakar da ta fito taki ce mai kyau ga gwanda ko ayabar da ke tsakar gida.

Akwai ma hanyar da ba ta yin kyau a bidiyo amma ta fi dacewa da gidaje da yawa: a raba biyun. A yi kiwon tarwaɗa yadda aka saba, ruwan da ake zubarwa a kwata yana jawo faɗa da maƙwabta a tara shi a shayar da lambun ƙasa. Ruwan ba ya komawa wurin kifi, don haka ana iya yi wa kifi magani da gishiri a wani mazubi ko a fesa wa ganye magani ba tare da ɗaya ya kashe ɗaya ba, abin da ba zai yiwu ba a tsarin da ke haɗe. Yana cin ruwa fiye da akwafonik, amma ba ya rushewa don an ɗauke wuta. Wanda ke da rijiya ko rijiyar burtsatse, ba shi da batir, wannan ce tasa. Wanda ruwa yake yi wa wuya, ko ba shi da ƙasar shuka sai daɓen siminti, shi ne zagayen ruwa yake biya wa bukata, da sharaɗin ya tuna cewa lita 1,000 nauyin tan guda ce, ba a ɗora ta a kan bene ba tare da tambayar magini ba.

Yadda ake gyara kifi yana ciki

Dukiyar da ta fi tsada a tsohon tsari ba tanki ba ce, ƙwayoyin da ke jikin tsakuwa ne. Kada tsakuwar ta bushe, kada a wanke ta da ruwan famfon gari mai kulorin; idan ta toshe, a ɗauraye ta da ruwan tankin, kwami ɗaya a mako, ba duka rana guda ba. A daina ciyar da kifi kwana ɗaya kafin aiki, a mayar da su durom da ruwansu na da, a sa musu iska da murfi a inuwa. Sabon ruwan da za a ƙara, idan na famfon gari ne, ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe ana hura masa iska.

Kafin a mayar da kifi, a kunna komai ya yi awa guda, sannan a kashe famfo a tsaya a kalla. Ruwan tankin kifi ya tsaya inda yake? Matattara ta ɗauke abin da ya gangaro? A sake kunnawa, a toshe malalar farko da hannu, a ga ko ta biyu ta karɓa. A bar kwamaye su cika lokaci guda, a duba ko famfon yana nan a nutse. Soket da waya kuma su kasance sama da duk inda ruwa zai iya kaiwa. Bayan an mayar da kifi, a ba su rabin abincin da suka saba na mako guda, ana auna amoniya da naitirait kowace safiya, sai dukkansu sun tsaya ƙasa da 1 kwana uku a jere kafin a ƙara.